Baba Sannu da Tambaya ta Sha Bakwai

Daga ofishinmu zuwa gidan reno mafi kusa tafiyar minti goma ce, amma a motar Baba Sannu sai mun yi ashirin. Haka yake tuƙinsa ko da hanya babu kowa. Masu babur su wuce mu, masu keke su wuce mu, shi ko a jikinsa. Hannu biyu a kan sitiyari, tabarau ɗaure da roba ta bayan kai, yana bin gefensa.

"Baba, don Allah taka ta mana," Anti Mai Tef za ta ce daga kujerar gaba. "Kafin mu isa yaran sun gama jami'a."

"Sai mu duba jami'ar, ranki ya daɗe."

Hukumarmu ta gwamnati ce. Ita ke ba gidajen renon yara lasisi, ita ke zagayawa ta ga ko suna bin ƙa'ida. Mu uku ne a mota ta biyu. Akwai Anti Mai Tef, babbar mai dubawa, wadda ko biki za ta je sai da tef ɗin awo a jakarta. Akwai ni, da na shigo aikin shekara ɗaya da rabi da ta wuce, ina riƙe mata takardu ina koyo. Sai Baba Sannu, direbanmu, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana jan motar hukuma. Shi ya sa mini suna Malama Shiru tun makon farko, sunan kuma ya bi ni har ofishin darakta.

In muka isa gidan reno, ni da Anti mukan shiga ciki. Mu auna tsayin taga daga ƙasa, mu duba ko soket a rufe yake, mu ɗaga murfin durom na ruwa, mu ƙirga yara mu ƙirga masu reno, mu buɗe akwatin magani mu karanta ranar da kowace kwalba za ta lalace. Mu kanmu akwai dokokin da suka ɗaure mu. Ba a barin ma'aikacin hukuma shi kaɗai da yaro a ɗaki. Ba a ɗaukar hoton fuskar yaro. Ba a ba yaro kyauta, ko da alewa ce. Ba a saka yaro a motar hukuma.

Baba ba ya shiga. Yakan fito da wata 'yar kujerar ƙarfe mai naɗewa daga but ɗin mota, ya kafa ta inda akwai inuwa, ya zuba shayi daga filas, ya zauna yana kallon ƙofa. Awa biyu, awa uku, bai taɓa cewa mun daɗe ba. Gidajen reno tamanin da uku ne a yankinmu, kuma ya san ƙofar kowanne kamar tafin hannunsa. Ya san wadda sakatarta ta yi ƙasa har ɗan shekara uku zai iya zare ta. Ya san inda murfin kwata ya tsage, da inda masu babur ke shan kwana a guje daidai lokacin tashi. Ba ya faɗin waɗannan a gaban masu gidan. Sai mun kama hanyar komawa zai yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, ni dai ba mai dubawa ba ne."

"Faɗi, Baba. Malama Shiru, buɗe takarda."

Rabin abin da muke rubutawa a kan ƙofa da harabar waje daga bakinsa yake fitowa. Kafin ya tayar da mota kuma, a ko'ina ne, sai ya zagaye ta sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ce madubi ba ya nuna ɗan shekara biyu.

A hanya na tsinci labarinsa, kaɗan-kaɗan. A aji huɗu na firamare ya bar makaranta, lokacin da mahaifinsa ya kwanta ciwo. Ya yi karen mota shekara shida a bayan wata babbar mota mai ɗaukar siminti, a nan ya koyi tuƙi. Daga baya ya samu bas ɗin wata makaranta, ya yi shekara tara yana kwasar yara safe da rana, har aka sayar da bas ɗin. A can ya koyi tafiyar hawainiya, don ya ce in ka taɓa taka birki ka ji kawunan yara talatin sun bugi kujera, ba sai an sake gaya maka ba. 'Ya'yansa biyar, duk sun yi karatun da bai yi ba. Babbar nas ce a asibitin gwamnati. Yana karatu, amma da yatsa, yana motsa leɓe, kuma ba ya son a tsaya a kansa yana yi.

A farkon wannan shekarar aka liƙa wata takarda a allon sanarwa. Ta ce daga yanzu duk ma'aikacin da aikinsa ke kai shi kusa da gidan reno, har direbobi, sai ya ci jarrabawar kare yara an ba shi kati. Tambaya ashirin ne, ana neman sha biyar. Amma uku daga ciki an sa musu tauraro, wanda ya faɗi ko ɗaya a cikinsu ya faɗi duka. Dama biyu ake bayarwa. Direban da bai samu kati ba ba za a kore shi ba, za a mayar da shi motar sito, ya riƙa kwasar kujeru da katan-katan na takarda tsakanin ofisoshi.

Baba ya tsaya gaban allon ya fi minti goma da yatsansa. Da ya gama ya zo teburina, ya tsaya nesa kaɗan kamar mai jiran izini.

"Malama Shiru, kina da lokaci in an fita cin abinci?"

Mako uku muka yi muna bitar littafin jarrabawar da aka raba musu a cikin mota, ƙofofi a buɗe, ni a baya shi a gaba. Ban sha wahala ba. Kafin in gama karanta tambaya ya ba da amsa, wani lokaci har da sunan layin da ya taɓa ganin abin ya faru. Abu ɗaya ya ɗan yi gunaguni a kai, wato alewar da yake ajiyewa a aljihun mota, amma ya kwashe ta ya kai wa masu gadi.

Ranar jarrabawa direbobi shida ne a ɗakin taro. Jami'in horo, wani saurayi mai fara'a da muke kira Mai Kwat saboda ko ana zafi ba ya cire ta, shi ya karanta musu tambayoyin da babbar murya, su kuma suna yin alama a takarda. Da sakamako ya fito, Baba Sannu ya fi kowa, sha tara cikin ashirin. Shi kaɗai ne kuma ya faɗi.

Tambaya ta sha bakwai ce, mai tauraro. Ga abin da ta ce: an tashi daga gidan reno, kowa ya watse, ka tarar da yaro shi kaɗai a bakin ƙofa yana kuka, kuma ka san gidansu. Me za ka yi? Amsa ta farko, ka saka shi a mota ka kai shi gida. Ta biyu, ka tsaya tare da shi a fili inda mutane ke ganinku, ka kira mai gidan renon da ofis. Ta uku, ka bar wa maƙwabci shi ka tafi. Baba ya zaɓi ta farko.

Mai Kwat da kansa ya sauko wurin ajiye motoci, da takardar a hannu.

"Baba, hannunka ne ya zame ko?"

"Bai zame ba."

"Amma ka san amsar da ake so."

"Na sani. Malama Shiru ta karanta mini ita sau huɗu. Amma ku kun tambaye ni me zan yi. Da kun ce me kuke so in ce, da na faɗa muku."

"Haba Baba, alama ce kawai za ka yi a akwati na biyu."

"Ɗana, in na yi alamar, ran da abin ya faru na ɗauki yaron, me na zama? Maƙaryaci mai kati."

Mai Kwat ya sosa ƙeya, ya ce saura dama ɗaya, nan da mako biyu, ya koma sama.

A hanyar zagaye washegari Anti ta buɗe masa wuta. Ta ce ita ba za ta yarda a haɗa ta da direban mota ta huɗu ba, wanda ke tuƙi kamar an biyo shi. Ta ce shekara goma sha ɗaya suna tare, yanzu a kan akwati ɗaya zai bar ta. Baba ya bari ta gama, sannan ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Shekara goma sha takwas da suka wuce, kafin a kafa dokar, ya dawo ɗaukar wata jaka da aka manta a wani gidan reno, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya tarar da yaro a rakuɓe jikin ƙofa, an kulle an tafi, kowa na zaton wani ya ɗauke shi. Ya naɗe shi da tawul ɗin goge gilashi ya kai shi gida. Uwar ta fito ba takalmi.

"Yaron nan yanzu gemu gare shi," in ji Baba. "Duk inda ya gan ni sai ya tsaya ya gaishe ni. Yanzu a ce mini abin da na yi laifi ne? Ni ake tsoro? Ni da na yi shekara tara ina kwasar 'ya'yan mutane, ko ƙwarzane ba a taɓa samu ba?"

"Ba kai ake tsoro ba, Baba," in ji Anti.

"To wa? Sunana ne a kan takardar."

Na so in ce wani abu, amma duk jimlar da na haɗa a raina ta littafi ce, kuma ya riga ya ji su.

Ranar Asabar da hantsi na kai masa littafin gida, don ya manta shi a mota, ko kuma ya bar shi da gangan. Gidan ɗaki uku ne da 'yar baranda, a barandar matarsa ke ɗinki. Mai Ɗaki yake kiranta. Na same ta tana taka keke, allura biyu a baki, shi kuma yana zaune a ƙasa yana warware mata zaren da ya harɗe.

"Ke ce malamar?" ta ce bayan mun gaisa, ta zare alluran. "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Shekara talatin da huɗu ina fama da wannan kan, ban ga alamar laushi ba."

"Ai shi ya sa bai fashe ba," in ji Baba.

"Ka ji shi ko? Mutum ya ci sha tara ya dawo gida yana hura hanci, wai ya fi kowa. Na ce to, sai ka je ka fi kujeru da katan."

"Kujera ma aiki ce."

"Aiki ce, amma ba za ka iya ba. Kwana uku za ka yi ka fara ramewa. Wa zai riƙa ba ni labarin ƙofar wane ta karkace, ta wance ta yi tsatsa? Ni fa na san gidajen nan tamanin da uku ban taɓa taka ko ɗaya ba."

Ya yi dariya, amma bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗe zaren a yatsa. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya ce in bar wahalar da kaina, shi ya riga ya leƙa motar sito, ba ta da laifi, kulocinta ne kawai ya ɗan yi tauri. Yadda ya faɗe shi ne ya sa na kasa kallon fuskarsa.

Saura kwana uku a sake jarrabawar, ranar Litinin, 'yarsa Nas ta kira shi da rana. An riƙe ta a wurin aiki, za a shiga tiyata da wata mata, mijinta kuma ya yi tafiya. Ta ce in ya tashi ya biya ya ɗauko mata Gimbiya, 'yarta mai shekara biyu da rabi. Bas ɗaya muke hawa ni da Baba in an tashi, gidan renon kuma yana kusa da tashar da nake sauka, sai na bi shi. Yana ta murna a hanya. Ya ce yau zai ga matarsa ta gaskiya, wadda ba ta yi masa gorin sha tara.

Gidan yana cikin waɗanda muke dubawa. Ƙofarsa ta sandunan ƙarfe ce mai shuɗin fenti, sakatar a can sama, kuma Baba ne ya sa aka ɗaga ta shekara uku da suka wuce. Iyaye sun kusa gama kwashe yara. Gimbiya na hango shi ta yar da kofin da ke hannunta ta sheƙo, ta kama sandunan da hannu biyu.

"Kaka! Kaka!"

"Ga ni, ranki ya daɗe. Ɗauko jakarki mu tafi."

Mai renon da ke bakin ƙofa, wata doguwa mai allon takardu a hannu, ta gaishe shi har da rusunawa. Ta duba takardarta, ta juya shafi, ta dawo.

"Baba, ka yi haƙuri. Sunanka ba ya cikin masu ɗaukarta. Uwarta ce da babanta kawai."

"Uwar ce ta aiko ni."

"Ba ta kira mu ba, Baba."

"'Yata, dube ni da kyau. Ba ki san ni ba?"

"Na san ka mana. Kai ne mai farar mota, mai kujerar ƙarfe."

"To?"

"To sunanka ba ya ciki."

Ta kira lambar Nas a gabansa, waya a kashe. Ta kira uban, ba ta shiga. Baba ya juyo gare ni, fuskarsa ta canza.

"Malama Shiru, ke ma'aikaciyar hukuma ce. Gaya mata ko ni wane ne."

Na kalli mai renon, na kalli takalmina.

"Baba," na ce, "mu muka rubuta musu dokar."

Mai renon ta danne dariya. Ta shiga ta fito mana da benci, ta ajiye a waje jikin ƙofa, ta ajiye wa Gimbiya 'yar kujerar roba daga ciki, ita ma ta zauna kusa da ita. Haka muka jeru, sanduna a tsakani. Baba ya ƙi kallon kowa. Gimbiya ta ziro hannu tana jan robar tabaransa, tana ba shi labarin wata ƙadangaruwa da ba mu gane kansa ba. Da sannu ya fara amsa mata.

Mun yi kusan rabin awa a haka sai wani dattijo ya fito daga bayan ginin da tsani a kafaɗa. Mai gyaran wuta ne, an kira shi ya duba fanka. Gajere ne, mai tumbi, ba ta inda ya yi kama da Baba sai furfura. Gimbiya ta saki tabarau. Ta sauka daga kujera ta ruga wurinsa, hannu biyu a sama.

"Kaka! Kaka!"

Da irin muryar da ta kira Baba ta kira shi, da irin tsallen. Mutumin ya yi dariya ya ce kullum haka take yi masa, ya kauce da tsaninsa. Mai renon ta riga ta miƙe, ta kamo hannunta ta dawo da ita.

"Duk mai furfura kakanta ne," ta ce. "Mai kawo mana ruwa kaka ne. Makon jiya wani ya tsaya tambayar hanya, da ƙofar a buɗe take da ta bi shi."

Baba ya bi mai tsanin da kallo har ya fita ya sha kwana. Sannan ya sunkuya daidai fuskar yarinyar.

"Au, Gimbiya, ashe mu da yawa ne?"

Ta kama hancinsa. Ya bar ta ta riƙe.

Bai ƙara cewa a buɗe masa ba. Da mai renon ta sake ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu ya ce ta zauna abinta. Ya tambaye ta ko kullum ita ce a ƙofa. Ta ce a'a, su uku ne suke karɓa-karɓa, ɗayar ma satinta biyu da fara aiki, ba ta san fuskar kowa ba tukuna. Ya gyaɗa kai. Sai wajen biyar da rabi wayar Nas ta shiga. Ta yi ta ba da haƙuri, ta ce wallahi ta sha'afa, ta yi magana da mai renon, ta turo saƙo a rubuce kamar yadda ake bukata. Sannan aka zare sakata.

Ya saɓa yarinyar a kafaɗa, jakarta a ɗaya hannun. Kafin mu kai tasha ta yi barci. Muna tsaye muna jiran bas ɗinsu ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Yaron nan da na kai gida. Bai san ni ba fa. Sau biyu ya taɓa ganina a bakin ƙofa. Na buɗe mota na ce shigo, ya shigo."

Na ce, "Eh, Baba."

"Ko musu bai yi ba."

Bas ya zo, na riƙe masa jakar har ya hau.

Ranar Alhamis shi kaɗai ne mai jarrabawa, don haka a ofishin Mai Kwat aka yi, da baki. Ƙa'ida ta ce sai da shaida, aka sa ni na zauna a kusurwa. Baba ya sa rigarsa mai guga, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Tambayoyi sha shida suka wuce kamar ruwa. Mai Kwat ya gyara zama, ya karanta ta sha bakwai a hankali, da amsoshinta uku.

"Ta biyu," in ji Baba.

Mai Kwat bai yi alama ba. Ya ajiye biro.

"Baba, kai ka ce mini ba ka son zama maƙaryaci mai kati. Wannan don ka ci ne, ko abin da za ka yi ke nan?"

"Abin da zan yi ke nan."

"Me ya canza?"

"Ni ban canza ba. Har gobe in na kai yaro gida lafiya zai isa. Amma in ya shiga tawa yau ya ga lafiya, gobe wata farar mota ta tsaya, da wani mai furfura a ciki, me zai hana shi shiga? Ni na koya masa. Kuma ku da ke ofis ba ku da hanyar sanin wane ne ni, wane ne wancan. Ni kaɗai na sani, ni kuma ba a ganin cikina."

"In ana ruwa fa?"

"Akwai lema a but. Akwai tawul."

"In ka kira mai gidan ba ta ɗauka ba, iyayen ba su zo ba har magariba?"

"Sai mu kai magariba ni da shi. Ɗana, duk hukumar nan akwai wanda ya kai ni iya zama a bakin ƙofa?"

Mai Kwat ya yi dariya har kwat ɗinsa na girgiza, ya ɗauki biro ya yi alama. Sauran ukun ba su ɗauki minti biyu ba. Ya juyo da takardar ya nuna masa ashirin cikin ashirin, ya ce gobe ya zo a ɗauki hotonsa na kati, Litinin kuma mota ta biyu tana jiransa. Ni ma na sa hannu a inda aka rubuta shaida.

A baranda muka tarar da Anti Mai Tef, wai ta zo neman wani fayil ne a hawa na biyu, inda ba a ajiye fayil ko ɗaya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa.

"To, Allah ya raba ni da mota ta huɗu," ta ce, ta juya ta sauka abinta.

Baba ya ciro wayarsa, ya nisanta ta da ido, ya lalubo lambar da yatsa. Yakan sa ta a lasifika saboda kunnensa na hagu, don haka na ji komai. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Mai Ɗaki, na ci."

"Nawa?"

"Duka ashirin."

"Ai kai tun farko ka ci. Taurin kai ne ya faɗi."

"To shi ma yau ya ci."

"Sai na gani. In za ka dawo ka biya ka sayo mini baƙin zare, ƙarami. Kuma gobe ka cire robar nan daga tabarau kafin a ɗauki hoton, kada ka ba mu kunya."

Ya ce to. Da ya kashe wayar ya taɓa robar ta bayan kansa, ya tambaye ni ko dokar kati ta ce wani abu a kan tabarau. Na ce ban gani ba. Ya ce to a bar ta, in ya cire zamewa suke yi.